Mutumin da Na Kora Daga Teburin Karta

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da wani mutum da na kora daga wasanmu ya tsaya a ƙofar shagon kawuna da bindiga rataye a kafaɗarsa ba. Ku da kuka shigo aikin nan a bana kun sha tambayata abin da ya sa nake tsananta muku kan yadda za ku amsa wa 'yan wasa, har na ji wasunku suna cewa Ustaza Hajara ta cika tsoro. Gaskiyarku, tsoro ne. Yau zan gaya muku inda na samo shi. Sunayen mutanen da ke cikin labarin na canja su, kuma duk sun bar garin nan.

Kafin yaƙi mu bakwai ne a wani ƙaramin ofis a Hartum. Wasa ɗaya muke da shi, wannan dai da kuke kula da shi yanzu: kartar waya ta mutum huɗu, biyu-biyu, kowa da abokinsa. Da aka fara harbe-harbe a 2023 muka watse. Mudirinmu, wato shugaban ofishin, Ustaz Mu'awiya, ya fita ƙasar waje da injiniyoyi biyu. Ni da mahaifiyata muka taho Gadarif wurin yayanta, Kawu Isiyaku, mai sayen riɗi da dawa. Ya share mini wani lungu a bayan shagonsa, tsakanin buhuna, ya sa mini tebur da kujera. A nan nake aiki daga safe zuwa la'asar. Mun zaci wasan zai mutu, sai ga shi ya ƙara yaɗuwa. Mutane sun rabu da abokan zamansu, teburin karta na waya ya zama wurin da wanda ke Kassala da wanda ke Showak za su sake haɗuwa su yi wa juna tsiya.

Matsayina a lokacin mushrifa ce, wato mai sa ido a kan ɗa'ar 'yan wasa. Duk ƙarar da ɗan wasa ya kai, a teburina take faɗowa. Mai zagi ina yi masa gargaɗi, in ya maimaita in dakatar da shi kwana uku. Mai tashi daga tebur da ya ga za a cinye shi ma haka. Waɗannan ni kaɗai nake yanke su. Amma kora ta har abada sai na rubuta hujja, injiniya ya duba, mudir ya sa hannu. Laifi ɗaya ne ke kai mutum can kai tsaye, shi ne amfani da gurɓatacciyar manhaja. Akwai masu ɗaukar wasanmu su buɗe cikinsa su sauya shi, ta yadda mai riƙe da wayar zai riƙa ganin katin da ke hannun sauran mutum ukun.

A wancan lokacin da tarko muke kama su. Jefi-jefi na'urarmu takan aika wa wayar wanda muke zargi katin ƙarya, ta ce wane yana riƙe da kaza, alhali ba ya riƙe da shi. Manhaja ta gaskiya ba ta nuna katin kowa, don haka mai ita bai ma san an aiko da komai ba. Mai gurɓatacciya kuwa zai gani, ya gina wasansa a kan ƙaryar. In ya faɗa sau ɗaya, mu ce dace ne. In ya yi ta faɗawa, magana ta ƙare. Kuma ba ma kora nan take. Tara su muke yi mu kore su rana ɗaya, don kada masu gurɓata manhajar su gane da me aka kama mutanensu.

Sai kuma allo. Wannan shawarata ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce wa Ustaz Mu'awiya kora a ɓoye ba ta tsorata kowa, gara mu riƙa manna sunaye da hotunan waɗanda aka kora a shafin farko na wasan har mako guda, a rubuta a samansu: masu maguɗi. Ya yi ta jinkiri, na matsa, ya yarda. Ƙorafi ya ragu, ni kuma ina ta jin daɗin kaina.

Cikin watan Nuwamba, shekara ɗaya da rabi da zuwanmu, ana tsakiyar kakar riɗi, wata ƙara ta shigo da murya maimakon rubutu. Namiji ne babba, yana magana ƙasa-ƙasa da Hausa irin tamu ta nan. Yana da in'ina, farkon kalma yakan maƙale masa. Ya ce mai sunan wasa Sarkin Tebur yana ganin katin mutane, shi da idonsa ya gani a wayarsa. A ƙarshe ya ce, "Don girman Allah kada ya san ni ne. M-mutumin ba ya yafiya." Sunan da mai ƙarar ya yi rajista da shi Usman.

Na buɗe shafin Sarkin Tebur. Wata uku ke nan yana saman jerin gwanayen yankin gabas. A hotonsa wani dogon mutum ne da rawani, ya jingina da mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira boksi. Na kuma tarar tarko ya riga ya kama shi kwana tara kafin wannan ƙarar, sunansa yana cikin waɗanda za a kora ranar Alhamis. Na jona ƙarar a fayil ɗinsa kamar yadda tsari ya ce. Ranar Alhamis mudir ya sa hannu, na danna, hotonsa ya hau allo tare da na wasu.

Kafin la'asar saƙonninsa suka fara shigowa akwatin ɗaukaka ƙara. Da Larabci ya fara. Na aika masa amsar da muke aika wa kowa, da Larabci, da sunan ofis, babu sunan mutum. Ya sake rubutowa, na sake aikawa. A na uku ya juya zuwa Hausa, ya zagi uwa da uban duk wanda ya taɓa masa shafi, zagin da ba zan maimaita ba. Ranar na gaji, ga zafi, ga ƙurar riɗi tana shiga mini ido. Na ajiye amsar ofis, na rubuta masa layi ɗaya da Hausa: "Malam, ka ji tsoron Allah, kai ka san abin da ka yi."

Ya amsa da kalma uku: "Ashe namu ne."

Ranar Juma'a ya yi ta aiko da tambayoyi marasa kan gado, ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina mayar masa da amsar ofis. Ban gane abin da yake yi ba sai ranar Asabar, da ya rubuto ya ce: "Jiya wutar kahraba ta ɗauke a Gadarif da azahar, kai ma ka yi shiru da azahar. Ta dawo da la'asar, ka dawo. Yau ma haka. A Gadarif kake."

Na karanta sau uku. Na ce wa kaina Gadarif babban gari ne, Hausawa cikinsa ba su ƙirguwa. Amma na san ƙarya nake yi wa kaina. Bahaushiyar da ta zo daga Hartum tana aikin kwamfuta a bayan shagon riɗi, duk ɗan dakon da ke layinmu ya san da ita.

Ranar Lahadi da hantsi hoto ya shigo. Ƙofar shagonmu ce, an ɗauka daga tsallaken titi. Ga Kawu zaune a kan angarib, gadonsa na igiya, yana duba riɗi a tafin hannu, da rigar da ya sa a safiyar nan. A ƙasa an rubuta: "Ashe ma mace ce. Ki gaida Alhaji Isiyaku."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fito na miƙa wa Kawu wayar. Ya dubi hoton shagon, na nuna masa hoton mai rawanin, ya daɗe yana kallo.

"Jibrin ne," in ji shi. "Shugaban masu gadin gonakin wani babban manomi a wajen Fashaga. Shi yake rako manyan motoci kasuwa a kakar nan. Ba soja ba ne, ba ɗan sanda ba ne, amma bindiga ba ta barin jikinsa. 'Yar nan, me ya haɗa ki da shi?"

Na gaya masa komai. Ya ce to yanzu ya gane abin da ya ji jiya a wurin mai shayi, inda 'yan ƙwadago suke ta dariya suna cewa ɓarawon karta. Na ce mu je wurin 'yan sanda. Ya ce, "Mu ce musu me? Ya ɗauki hoton titi ya gaishe ni?"

Na kira Ustaz Mu'awiya. Bai bari na gama ba ya ce, "Ki sauke hotonsa daga allo yanzu. In shafin yake so, ki buɗe masa. Wasa ne, ya Hajara, ba za mu ba da ranki a kan karta ba." Na sauke hoton, na rubuta wa Jibrin na ce an sauke, kuma ana iya duba maganar shafinsa. Ya amsa nan take: "Allo ya riga ya gama aikinsa. Shafin ku riƙe abinku. Na san wani ne ya kai ni, sunansa nake so."

Na sake kiran mudir. Na gaya masa sunan mai ƙara ake nema. Ya ce zai sa injiniya ya rufe mini hanyar shiga fayilolin masu ƙara, don in nuna wa mutumin cewa ba ni da ikon gani. Aka rufe. Amma sunan na riga na karanta shi, muryar kuma tana cikin kunnena.

Ranar Litinin ban fita ba. Mahaifiyata ta fara ɗaure kaya, tana cewa mu wuce Kassala, wai mun tsira daga Hartum ba za mu zo mu mutu a kan waya ba. Duk motar da ta rage gudu a layin gidan sai in leƙa ta taga. Kawu ya dawo da azahar ya zaunar da mu. Ya ce wanda ya gano shago zai gano gida, kuma gida mata ne da yara. Gara a gamu a shago, da rana tsaka, a idon mutane. Ya riga ya aika wa Jibrin ta hannun wani direba cewa ya zo gobe da hantsi a sha jabana, wato gahawa.

Ranar Talata na zauna a kujerata a cikin shagon, na ja mayafina har goshi. Na lura Kawu ya tara 'yan dako fiye da kullum a bakin ƙofa, wai suna ɗinke buhuna, kuma maƙwabtansa biyu sun kawo kujerunsu kusa. Wajen ƙarfe goma boksi ya tsaya. Mutum biyu suka fito. Jibrin ya fi hotonsa tsawo. Ɗayan gajere ne mai furfura a gemu, makullin mota a hannunsa.

Kawu ya tarye su ya ce, "Marhaba. Bindigar ta huta a mota mana."

Jibrin ya ce, "Ba ta rabuwa da ni, ya Haj." Ya shigo ya zauna, ya kwantar da ita a kan cinyoyinsa, bakinta yana kallon buhunan da ke gefena.

Direban ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "S-salamu alaikum."

Muryar mai ƙarar ce. Kafin in gama gaya wa kaina cewa masu in'ina suna da yawa, Jibrin ya ce, "Usman, shigo ka zauna mana." Ya shigo ya tsuguna a kan wani buhu, bai fi taku uku daga bindigar ba. Daga wannan lokacin na kafa idona a kan sikelin awo da ke gabana. Na san in na dube shi sau ɗaya, ko da kuskure, na kashe shi.

Kawu ya zuba jabana da hannunsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gona, aka tambayi hanya. Can Jibrin ya ajiye finjali ya juyo gare ni.

"Ke ce ustazar?"

"Ni ce."

"Mutum talatin ne a ƙarƙashina," in ji shi, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. "A daji muke, inda in na ce a kwanta dole a kwanta, in ba haka ba a ɗauko gawa. Tun ranar Alhamis in na ba da umarni, sai su sunkuyar da kai suna murmushi. Mai shayi ta ɓoye bakinta da mayafi da na wuce. Kin san abin da kika yi?"

Na ce na sani, kuma sa hoton kuskure ne, an sauke. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Na juya masa kwamfutar, na danna wurin fayilolin, ya ga an rubuta ba ni da izini. Ya kalla, ya yi ɗan murmushi.

"Na'ura aka rufe. Kanki ba a rufe ba." Ya gyara zaman bindigar. "Bari in sauƙaƙa miki. Na san ko wane ne. Yunusa ne, mai tuƙa tarakta, wanda ya gudo daga Jazira muka ba shi aiki. Mun yi cacar baki da shi a tebur kwanan baya. Yanzu haka yana gona, na sa a zauna da shi har in dawo. Ki ce mini e, in tafi. Ko kuma ki dafa Alƙur'ani ki rantse ba ki san sunan ba, in tafi in tambaye shi da kaina."

Sai a lokacin na ga ramin da nake ciki. In na faɗi gaskiya, mutumin da ke tsugune a kan buhu ba zai kai gida ba. In na yi shiru, ko na rantse ban sani ba, wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba zai biya. Kawu ya dube ni. Shi bai san Usman ne ba, ban taɓa gaya masa sunan ba.

Na ce, "Ba ni da alwala."

Kawu ya ce, "Je ki yi."

Na shiga bayan shagon da buta. Ƙofar baya a buɗe take, tana kallon wani lungu, har ina jin ƙarar rakasha, keken hayar nan mai ƙafa uku, tana wucewa a bakin titi. Wallahi na yi tunanin fita. Na tsaya da ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofar. Abin da ya dawo da ni shi ne in na gudu, Kawu ne zaune a gaban bindigar, kuma Yunusa yana can ana zaune da shi. Na yi alwala a hankali, ina karanta duk abin da ya zo bakina, na koma.

Kawu ya ɗauko Alƙur'ani daga saman kanta ya ajiye a kan tebur. Na tsaya a gabansa.

Na ce, "Ba zan rantse ban sani ba, domin na sani."

'Yan dako suka daina ɗinki. A gefen hagu, inda Usman yake, na ji finjali yana kaɗawa a kan faranti, ƙar-ƙar-ƙar, kamar hannun mai riƙe da shi ya ƙi tsayawa. Na ɗaga muryata don ta rufe ƙarar.

"Kuma ba zan faɗa ba. Amana ce aka ba ni. Amma zan rantse maka a kan abu biyu." Na dafa Littafin. "Na rantse da wanda ya saukar da wannan, ba Yunusa ba ne. Bai taɓa kai ƙararka ba. Kuma na rantse na'urarmu ta kama ka kwana tara kafin kowa ya buɗe baki. Ko da babu wanda ya ce uffan, da an kore ka ranar Alhamis ɗin da ta wuce."

Ya ce, "Na'ura ta kama ni ta yaya?"

Dokar aikinmu ta hana a gaya wa ɗan wasa yadda aka kama shi. Na karya ta, kuma ban yi nadama ba. Na ce, "Ka tuna lokutan da ka ga babban kati a hannun wani, ka riƙe naka kana jira, sai aka gama zagaye katin bai fito daga hannunsa ba? Ka zaci manhajarka ce ta yi kuskure. Mu muka aiko maka da shi. Mai wasa da gaskiya ba ya ganinsa."

Na ga abin ya shige shi. Idonsa ya tafi wani wuri, leɓensa ya motsa kamar yana ƙirga. Ya tuna. Har na zaci an gama. Sai ya ɗago.

"To ba Yunusa ba ne. Ki bar hannunki a wurin. Babikir ne?"

Na gane abin da zai yi. Zai bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda na kasa rantsewa a kansa shi ne. Kuma ban san a suna na nawa zai juya ya dubi direbansa ba.

Kawu ya miƙe. Tsoho ne, amma ranar na ga tsayinsa. Ya zare Alƙur'anin daga ƙarƙashin hannuna, ya rungume shi a ƙirji.

"Jibrin, ka nemi rantsuwa, an yi maka. Littafin Allah ba takardar kiran sunan 'yan ƙwadago ba ce da za ka zauna kana jero mata mutane. Yarinyar nan ta faɗi abin da za ta faɗa, a gabana, a gaban waɗannan."

Jibrin ya miƙe shi ma, bindigar ta taso tare da shi. Na rufe idona. Na ji takun 'yan dako suna matsowa. Da na buɗe ido yana kallon ƙofa, inda mutane suka cika har haske ya ragu. Sai ya juya ga direbansa.

"Usman, kai me ka gani?"

Na koma kallon sikeli.

"N-na'ura ce ta kama ka, ya rayyis," in ji Usman. "Ai ta rantse."

Jibrin ya rataya bindigarsa. Mutane suka buɗe masa hanya. A bakin ƙofa ya tsaya ya juyo, ya dube ni kai tsaye.

"Na yi maguɗi, ban musa ba. Ki kore ni, wasanku ne. Amma ki ɗauki fuskata ki rataye a gaban duniya a kan karta? Wa ya ba ki wannan ikon?"

Suka shiga mota suka tafi, Usman ne ke tuƙi.

Ƙarar motar ta ɓace. A kan buhun dawa na faɗi, na yi amai, na yi ta kuka kamar ba zan daina ba. Kawu ya sa aka rufe shagon tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi a kakar riɗi ba.

Ranar Alhamis wani direban babbar mota ya kawo wa Kawu labarin Yunusa. An sake shi a yammacin Talatar. Amma tun kafin Jibrin ya taho gari an riga an taɓa shi, fuskarsa a kumbure, haƙori ɗaya ya fita. Ya tattara kayansa ya koma neman aiki a Gadambaliya. Bai san ni ba, bai san a kan me aka yi masa haka ba sai daga baya. Ni na san hannuna yana ciki. Usman kuwa a makon nan ya goge shafinsa. Bai aiko da saƙo ba, ni ma ban neme shi ba. Sai bayan kaka na ji ya bar aikin gonar ya koma wurin iyalinsa, sannan na samu barci.

Wata biyu na yi ina aiki daga ɗakin mahaifiyata. Injiniyoyi suka rushe tarkon da na tona suka gina wani, ba su ce mini komai ba. A zaman da muka yi ta waya ni na fara magana, na ce a cire allon. Aka cire. A zaman ne kuma aka yanke cewa mushrif ba zai ƙara ganin suna ko jin muryar mai ƙara ba, lamba kawai zai gani, kuma ƙarar da ta fito daga gari ba za ta faɗa teburin mushrif ɗin da ke garin ba. Tsarin da kuka tarar ke nan, kuna ganin kamar haka yake tun asali.

Ba ina ce muku ku ji tausayin mai maguɗi ku bar shi ba. Ku kore shi. Mutum uku ne suke zaune da shi da zuciya ɗaya yana cutarsu, kuma saboda su aka ɗauke mu aiki. Abin da na koya shi ne hukunci daban, tozarci daban, kuma mu na farkon kawai aka ba mu. A kwamfuta ɗan wasa suna ne da hoto, dannawa ɗaya ya ɓace. A gari kuwa mutum ne mai mota, mai abokan aiki, mai fuskar da yake fita da ita kasuwa, kuma a kwanakin nan wataƙila mai bindiga. Wanda ya kawo muku ƙara shi ma mutum ne, ya san haɗarin da ya ɗauka fiye da yadda kuka sani, amma ya yarda da ku. Don haka idan wani ya zage ku a akwatin ƙara, jininku ya hau, hannunku ya fara rubuta amsar da ba ta ofis ba, ku ɗauke hannun. Ku tashi ku sha ruwa, ku kira ni. Na fi son ku tashe ni daga cin abinci sau goma da in ji ɗayanku ya tsaya inda na tsaya.